Bindiga Da Hanyar Da Ta Biyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake na ƙasar Gumel, ina so mu yi magana a kan bindiga, domin yaranmu ba su san ta ba sai ran hawan salla, sa'ad da 'yan bindiga suke ɗura albarushi suna tashin hayaƙi gaban Sarki.

Ku sani wannan makami ya daɗe a ƙasashenmu. Imamu Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alauma na Barno ya riƙe 'yan bindiga Turkawa, yau fiye da shekara 400 ke nan. Amma wanda kakanninmu suka ji zafinsa shi ne Tanimu Sarkin Damagaram, wanda ya rasu a 1884. Ayarin Tarabulus yana kawo masa bindigogi ta hanyar Agadas, maƙeransa kuma suna zuba igwa a cikin Zindar, suna haɗa albarushi. Da wannan ya rinjayi maƙwabta, Gumel kuwa ta sha harin Damagaram har ƙarshen wancan ƙarni.

Sa'an nan aka zo da wadda ta fi ta. Rabe ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. A 1903 Turawan Ingila suka fasa Kano da igwa da bindiga mai ruwa, watau Maxim, a shekarar nan Sarkin Gumel Ahmadu ya yi musu mubaya'a. Tun a 1890 kuwa sarakunan Turai sun ƙulla alkawari a Birasil na tsare sababbin bindigogi daga hannun mutanen Afirka, aka bar mu da harba-ka-ruga.

Abin lura ga almajiri shi ne, wannan sana'a tana da littattafanta. Wani Ba'andalushe, Ibrahim ɗan Ahmad Ganim, ya wallafa littafi a Tunis kan aikin igwa da harshen Sifaniya, Ahmad ɗan Ƙasim Alhajari ya mai da shi Larabci a 1638, ana kiransa Al'izzu wal Manafi'u. A wurinsu igwa ilimi ce mai malami da ladabi. A nan kuwa bindigogin Tanimu na fada ne.

To, yau fa? Tun da mulkin Gaddafi ya rushe a Libiya a 2011, aka wawashe rumbunan makamai, AK-47 ta biyo sahara, kusan hanyar nan ta ayarin da. Sai dai wannan karon ba fada ta nufa ba, dawa ta nufa, hannun wanda bai san hukuncin jini ba. Abin da ta yi wa Zamfara da Katsina ba ya bukatar bayani.

Mu kuwa a bakin iyaka muke. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da dabbobi da motoci daga ƙasar Nijar, kaya kuma suna ratsa Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ya kai falke, kada ka ɗauki buhun da ba ka ga cikinsa ba, ko da an ninka maka lada. Malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina, dokar bindiga ta 1959 kuma ta hana riƙe ta ba lasisi. Ya kai malam, ka karantar da wannan babi a zaure kamar yadda kake karantar da riba da awo. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana iyakarmu, ya zaunar da mu lafiya, amin. Haza wasalam.