Kafin ka sake sayen batir, leƙa wayar da ke jikinsa

1/ Masu tsohon babur a cikin gari, ku matso mu yi magana. Da yawa kuna ta canja batir kuna zagin mai shago, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin sit: 'yar siririyar wayar da aka ɗaura daga batir zuwa sitata. Ra'ayina, a nan ne bai kamata a yi rowa ba. 🧵

2/ Tun Janairun 2013 da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Kano, babur ya koma na hawan kai. A lungunan Yakasai, Mandawari da Jakara, inda mota ba ta shiga, shi ne ƙafar magidanci. Tsofaffin Jincheng da Bajaj suna nan suna aiki, amma wayoyinsu sun sha faci.

3/ Ga matsalar. Batirin babur bolt 12 ne kacal. Fitila da hon ɗan abu kaɗan suke ja. Sitata kuwa, ko a inji mai 125cc, tana iya zuƙar amfiya 50 a 'yan daƙiƙun da ka danna. Kamar ka ce tiyon shayar da fulawa ya cika tankar ruwa.

4/ Mu yi lissafi. Jar waya tsawon mita ɗaya, amfiya 50 na bi ta ciki. In mai kaurin 1.5mm ce, wajen bolt 0.6 zai salwanta a hanya ya koma zafi. In 6mm ce, wajen 0.15 kawai. Ninki huɗu ke nan. (Wannan mm da ake faɗa a kasuwa faɗin bakin ƙarfen ne, mm².)

5/ Rabin bolt kamar ba komai, ko? Bari hunturu ya shigo. Da asuba baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi sanyi, ka danna ka ji "ƙyat-ƙyat". Sai ga ka kana dukan kik a ƙofar gida, yara sun makara makaranta. Batirin nan lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa.

6/ Don haka ga ƙaramin babur mai sitata, nemi 6mm. Kuma duka biyun: jar da ke zuwa sitata da baƙar da ke kama jikin bodi. Wutar da ta fita ta ɗaya, ta ɗayar take komowa. Ka gyara ja ka bar baƙa siririya, an yi ba a yi ba.

7/ Kada roba ta ruɗe ka. Akwai waya ƙatuwa a ido, ka fere ta ka tarar da 'yan siraran gashi a ciki. Ƙarfen kake saye, malam. Ka ce a yanko bakin ka gani kafin ka biya.

8/ Akwai kuma alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin karyewa. Tambayi 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa me ya sa jar waya ta fi tsada.

9/ Wayar gida mai sili ɗaya mai tauri ma a'a. An yi ta ne don ta kwanta a bango. Babur kuwa girgiza yake yini guda, a hankali za ta tsage a cikin roba ba ka sani ba. Mai sili da yawa, mai laushi, ita ce ta babur.

10/ Wani zai ce "ai tawa siririya ce kuma tana tashi." Haka ne, yau. Taɓa ta bayan ka danna sitata sau uku. In ta yi zafi, robar tana dahuwa. Kuma galibi wayar sitata ba ta bi ta fiyus. Ranar da ta goge ta taɓa bodi, babu abin da zai yanke wutar.

11/ Tuna inda baburin yake kwana: a soro, da fetur a tanki, kuma nan ce ƙofar fita guda ɗaya ta gidan. Lungun da Adaidaita ke shiga da ƙyar, ta ina motar kashe gobara za ta bi? Rigakafi ya fi magani.

12/ Adalci: in babur ɗinka kik kawai gare shi, ba ka buƙatar wannan kaurin, kada a ci kuɗinka. Kuma ko wayar mota ka sa, in kan batir ya yi gishiri-gishiri ko nati ya saki, aikin banza ne. A goge, a sa kai mai kyau, a ɗaure tam.

13/ Gobe in ka je wajen mai rewaya, ce masa: "Oga, 6mm nake so, jar waya zalla, ja da baƙa, kuma a mayar min da fiyus maimakon wayar nan da aka naɗa." Abin da bai kai mita ɗaya ba ne, kuɗinsa bai kama ƙafar sabon batir ba.

14/ Tura wa abokin nan naka da kullum sai an tura shi. 😅 Masu rewaya kuma, ku faɗa mana a ƙasa: wane kauri kuke sa wa kwastoma?