Kada Ka Biya Kuɗi Don Ɓoye Kod Ɗin Shafinka: Ba Ya Ɓoyuwa

Kwanakin baya wani ƙanina da ya buɗe shafin intanet na sayar da turare ya turo min saƙo. Wani ya ce masa ya biya 'yan dubunnan naira a saka masa "makulli", ta yadda ba wanda zai iya ganin kod ɗin shafin, balle ya kwafe shi. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Ga dalilina.

Idan ka rubuta adireshin shafi a Chrome, wayarka tana aika buƙata zuwa wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba, wato inda shafin yake ajiye. Sabar za ta turo HTML, wanda shi ne ƙashin shafin, da CSS mai yi masa kwalliya, da JavaScript mai sa maɓallai su yi aiki, sai kuma hotuna. Burauzar wayarka ce take harhaɗa su har ka ga shafi. Datar da kake kukan ta ƙare, a nan take tafiya. Duk abin da ka gani a fuskar waya ya riga ya sauka a cikinta, kuma magana zarar bunu ce. Mai shafi ba shi da iko da abin da ya riga ya aika wa wani.

Gwada da kanka. A burauzar Android, rubuta view-source: kafin adireshin shafi, ka haɗe su ba tazara. A kwamfuta kuwa, danna Ctrl da U tare, ko ka danna F12. Kod ɗin zai fito fili. Wannan ba kutse ba ne, masu ƙera burauza ne suka tanadi hanyar.

To me masu sayar da makulli suke sayarwa? Yawanci wani ɗan guntun JavaScript ne da ke hana danna gefen dama na linzamin kwamfuta, ko hana dogon danni a kan rubutu. Wanda ya shiga saitin burauza ya kashe JavaScript ya gama da shi. Wanda bai iya hakan ba ma zai ɗauki hoton fuskar waya, Google Lens ya ciro masa rubutun. Wasu kuma cakuɗa kod suke yi, su cire tazara, su sauya sunaye zuwa haruffa marasa ma'ana. Wannan yana ɓata wa ɓarawo lokaci, amma ba ya tsayar da shi, domin dole burauza ta iya karanta kod ɗin kafin shafi ya buɗe. Abin da burauza ta karanta, mutum mai haƙuri zai warware shi.

Wanda makullin ke cutarwa shi ne mai ciniki na gaskiya. Mutum yana son kwafe lambar asusunka ya turo kuɗi, ka hana shi. Sai ya haƙura ya nufi shafin wani.

Babban haɗarin ma shi ne mai shafi ya yarda cewa kod ɗinsa a ɓoye yake, har ya ajiye sirri a ciki. A watan Oktoba na 2021, wani ɗan jarida na St. Louis Post-Dispatch a jihar Missouri ta Amurka ya gano cewa shafin ma'aikatar ilimi ta jihar yana turo lambobin shaidar sirri na malamai a cikin HTML. Ba sa fitowa a fuskar shafi, amma duk wanda ya leƙa kod zai iya kaiwa gare su, kuma abin ya shafi malamai da ma'aikata sama da 100,000. Jaridar ta sanar da hukuma kafin ta buga labarin. Gwamna Mike Parson ya kira aikin kutse, ya nemi a gurfanar da ɗan jaridar. A watan Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da ƙarar. Kuskuren tun farko yana ga wanda ya tura sirrin mutane cikin burauzar kowa da kowa.

Akwai kod da ke ɓoyuwa, shi ne wanda bai taɓa barin saba ba. Abin da aka rubuta da PHP ko Python yana aiki ne a can, sakamakonsa kawai ake turo maka. Shi ya sa za ka iya leƙa kod ɗin shafin Google, amma ba za ka ga yadda yake jera sakamakon bincike ba. Don haka kalmar sirri, bayanan abokan ciniki da lissafin farashi, duk wurinsu saba. Idan kana karɓar kuɗi ta Paystack, za su ba ka mabuɗi biyu: na fili mai farawa da pk, da na sirri mai farawa da sk. Na farkon ne ake sakawa a shafi. Wanda ya jefa na biyun cikin JavaScript ya miƙa shi ga duk mai leƙawa.

Na san wani zai ce, "Na kwana ina tsara shafi, wani ya kwashe a minti biyar?" Abin da ciwo, ban musa ba. Sai dai maganin yana wajen doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka sace masa a intanet. Google ma yana karɓar irin wannan koke a ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, yana cire shafin da ya yi satar daga sakamakon bincike. Ka sanya tambarinka a jikin hotunan kayanka, ka adana na asali, ka kuma ajiye kwafin shafinka a Wayback Machine domin ya zama shaidar wanda ya riga wani.

Mu kuma tuna cewa a buɗe aka gina wannan yanar gizon. A ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar CERN, inda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro ta, ta saki fasahar kyauta ga duniya. WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet suke kansa, kowa na iya sauke kod ɗinsa ya karanta. Masu gina shafuka da yawa ta leƙen aikin wasu suka koya, kuma matashin da waya kaɗai gare shi zai iya bin wannan hanyar yau.

Ko ba ka da shafi, maganar ta shafe ka. Tunda kowa na iya kwafe kamannin shafi, ɗan damfara zai iya yin na bankinka sak, da launi da tambari. Kyan shafi ba shaida ba ce. Alamar kwaɗo da ake gani kusa da adireshi ma tana nuna an kare saƙon da ke tsakaninku ne kawai, ba ta tabbatar da gaskiyar mai shafin. Kafin ka rubuta lambar katinka ko BVN, karanta adireshin harafi bayan harafi.

Ƙanina dai bai sayi makullin ba. Mun zauna mun duba kod ɗin shafinsa don tabbatar da babu wani sirri a ciki, sauran kuɗin kuma ya biya mai ɗaukar hoto ya ɗauki turarensa da tambarin shagon a jiki.