Semyonov ya ga duwatsun Tian Shan, amma wa ya nuna masa hanya?

A shekarar 1906 Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya yi wa wani dattijo mai kusan shekara 80 kyautar da ba a saba gani ba. Ya ba shi izinin liƙa sunan duwatsu a bayan nasa, shi ya sa har yau ake kiransa Pyotr Semyonov-Tyan-Shansky. A ganina mutumin ya cancanci yabo, sai dai yabon bai kamata ya tsaya a kansa shi kaɗai ba.

An haife shi a 1827. Ya yi karatu a Berlin wajen malamin labarin ƙasa Carl Ritter, wanda shi ne kuma malamin Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano da Yola a 1851. A wancan zamanin babban masani Humboldt yana ganin duwatsun Tian Shan masu aman wuta ne. Semyonov bai tsaya kan jin ta bakin manya ba. Ya tashi daga sansanin soja na Verny, wato Almaty ta yau, a 1856 da 1857, ya isa tafkin Issyk-Kul, ya hango ƙololuwar Khan Tengri mai tsayin kimanin mita 7,000, ya dawo da hujjar cewa zancen aman wuta ba haka yake ba. Gani ya kori ji.

To amma fa duwatsun nan ba kango ba ne. Kirgizawa da Kazakawa, Musulmi makiyaya, sun daɗe suna ratsa su da dabbobinsu. Su suka san mashigi, su suka san inda ruwa yake. Baƙo ko da idonsa ya kai kwano, ɗan gari ne ke yi masa jagora. Kuma taswira ba ta tafiya ita kaɗai: a 1865 sojojin Rasha suka ci Tashkent, a 1876 aka haɗiye daular Kokand.

Wani zai ce ai ilimi ilimi ne, ba ruwansa da siyasa. Akwai gaskiya a ciki. Semyonov ya yi aiki a shirin 'yanta talakawan gona na Rasha a 1861, ya kuma jagoranci ƙidayar jama'a ta farko a daular a 1897. Shi ne ma ya tsaya wa wani matashi Bakazake, Chokan Valikhanov, har Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Rasha ta karɓe shi.

Wannan matashin ne ya fi tsaya mini a rai. Ya rubuta wani sashe na waƙar Manas daga bakin Kirgizawa, ya shiga Kashgar a 1858 cikin shigar fatake, ya rasu a 1865 bai cika shekara 30 ba. Da yake ya riƙe alƙalami, sunansa ya tsira. Sauran 'yan rakiya kuwa, yawancinsu sun bi iska.

Mu da muke zaune a zango-zango a ƙasashen da ba mu ne masu rinjaye ba, ya kamata wannan ya dame mu. Kakanninmu sun san hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ƙafa da ƙafa, amma su wa suka fi rubuta ta? Dattijan da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Duk mai waya a hannu yana iya zama gabansu ya naɗi muryarsu, ya rubuta sunayen garuruwa da na madugai, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.