Gurabun ENAM: Ina Rabon 'Ya'yan New Bell?

Gidan yarin New Bell a tsakiyar unguwarmu yake. Mun gaji da ganin 'ya'yanmu suna sanin doka ta bayan ƙyauren kurkuku, alhali kujerar alƙali ta gagare su.

Ana ce mana ƙofa a buɗe take. ENAM, makarantar Yawunde mai horar da alƙalai, tana raba gurabenta tsakanin jihohi bisa ƙa'idar daidaito ta 1982. Sai dai jihar ɗalibi ita ce ta asalin iyayensa, ba inda aka binne cibiyarsa ba. Yaron da kakansa ya tsufa a New Bell baƙo ne a Duwala, a Garwa kuwa ba wanda ya san gidansu. Wane daidaito ne wannan?

Lauyoyin Bamenda da Buea sun ajiye aiki a 2016, a 2017 aka buɗe sashen shari'a irin ta Ingila a ENAM. Allah Ya tsare mu da abin da ya biyo baya, amma su sun sami lauyoyin da suka yi kuka da yawunsu. Mu fa?

Mu ma da namu laifin. Jami'ar Duwala tana koyar da doka tun 1993, muna tura yara kasuwa. Mu da muka karanta Risala da Muhtasar bai dace mu guji ilimin shari'a ba. Kowane masallaci ya ɗauki nauyin ɗalibi guda, mace ko namiji. Sannan mu buga ƙofar ENAM da takarda a hannu.