Kamfanonin jinya a gida: Wa ke sa ido idan an rufe ƙofa?

A ranar 22 ga Yulin 2025 ne Gwamnatin Birtaniya ta daina ba da bizar aikin kula da tsofaffi da masu nakasa ga sababbin ma'aikata daga ƙetare. Tun a Fabrairun 2022 aka buɗe wannan hanya, kuma dubban 'yan Najeriya sun bi ta, wasunsu bayan sun sayar da fili ko jarin kasuwa. Abin da aka fi tattaunawa a nan gida shi ne asarar damar fita waje. Sai dai a ƙarƙashin labarin akwai wata magana da ta shafi kowane magidanci mai tsoho a gida, wato yadda za a tabbatar da inganci da tsaro a ƙaramin kamfanin da ke tura ma'aikaci ya yi jinya a ɗakin da babu mai ganin abin da yake yi.

Aikin da babu shaida

A asibiti akwai likita da nas da sauran majinyata, ido yana kan kowa. A jinyar gida kuwa ma'aikaci yakan kasance shi kaɗai da mutumin da ya fi kowa rauni: tsohuwa mai ciwon mantuwa, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ko an cuce shi ba zai iya faɗa ba. Shi zai yi masa wanka, ya ba shi magani, ya ɗaga shi daga gado, wani lokaci ma ya san inda yake ajiye kuɗi.

Haɗurran wannan aiki sanannu ne. Akwai kuskuren magani, ko a ninka shi ko a tsallake. Akwai faɗuwa a banɗaki, wadda ga tsoho takan zama karayar ƙugu. Akwai gyambon kwanciya, wanda ke fitowa idan ba a juya majinyaci a kai a kai ba. Akwai kuma sata da duka da wulaƙanci. Babban kamfani yana da sashen horo da na bincike. A ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma ko ashirin, mutum ɗaya ne yakan zama mai shi, kuma manaja, kuma mai tsara jadawali, kuma mai karɓar ƙorafi a kan kansa.

Abin da dokar Ingila ta tanada

Ingila tana cikin ƙasashen da suka fi tsara wannan fanni a rubuce. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista, kuma yin aikin ba tare da rajistarta ba laifi ne. Ƙanƙantar kamfani ba ta ɗauke masa sharaɗi. Dole ya kasance yana da manaja mai rajista da sunansa, wanda za a tuhuma idan abu ya lalace. Kafin a ɗauki ma'aikaci sai an binciki tarihinsa ta hannun hukumar DBS, mai riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da masu rauni.

Idan jami'an hukumar suka zo bincike, abubuwa biyar suke dubawa: tsaro, amfanin kulawar, tausayi, biyan buƙatar majinyaci, da ingancin shugabanci. Daga nan sai su ba kamfani ɗaya daga matakai huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza, a wallafa sakamakon a intanet kowa ya gani. Akwai kuma sharaɗin faɗin gaskiya: idan kuskure ya cutar da majinyaci, wajibi ne kamfani ya sanar da shi ko iyalinsa, ya ba da haƙuri. Tun 2015 cibiyar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya, ta ba da shawarar kada ziyarar jinya ta gaza rabin awa sai bisa wasu sharuɗɗa, domin ziyarar minti goma sha biyar takan tilasta wa ma'aikaci zaɓi tsakanin wanka da abinci.

Inda gizo ke saƙar

Duk da wannan tsari, abin ya ɓaci ta fuska biyu. Ta farko ita ce sa ido. A 2024 wani bincike da gwamnati ta ɗora wa Dakta Penny Dash ya gano manyan kurakurai a ita kanta hukumar CQC: yawan binciken da take yi ya ragu ƙwarai, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa auna su ba. Ministan Lafiya Wes Streeting ya fito fili ya ce hukumar ba ta iya sauke nauyin da aka ɗora mata. Ke nan kamfani yana iya riƙe takardar rajista shekaru ba tare da wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Ta biyu ita ce halin da ma'aikata ke ciki. Bayan buɗe bizar a 2022, an samu kamfanonin da ba jinyar ce ta dame su ba, takardar ɗaukar nauyi suke sayarwa. Sai a Maris na 2024 aka shardanta cewa kamfanin da zai ɗauko ma'aikacin jinya a Ingila ya kasance yana da rajistar CQC. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin ɗaukar nauyi sama da 470 a wannan fanni, kuma ma'aikata fiye da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan kamfanoni.

Wannan ya shafi lafiyar majinyaci kai tsaye. Bizar ma'aikaci tana rataye ne a wuyan kamfaninsa. Idan ya rasa aikin, yawanci kwana 60 gare shi ya sami wani ko ya bar ƙasar. Mutumin da ke cikin wannan hali, ga bashi a gida, zai yi wuya ya kai ƙarar maigidansa idan ya ga ana yin ba daidai ba. Haka wanda aka cika wa jadawali ba tare da lokacin tafiya tsakanin gida da gida ba, dole ya gutsure daga lokacin majinyaci. A aikin da babu shaida, ma'aikacin shi ne idon hukuma, kuma idan aka rufe masa baki an rufe idon.

Abin da ya shafe mu

A Najeriya jinyar iyaye har gobe aikin 'ya'ya ne da surukai da jikoki, kuma mutane da yawa suna ganin abin kunya ne a ɗauko bare. Amma rayuwar birni tana sauya wannan. Miji yana kasuwa, mata tana ofis, 'yan'uwa sun watsu a garuruwa. A Legas da Abuja kamfanonin jinya a gida sun riga sun zama sana'a, a sauran birane kuma ana ɗauko mai jinya ta hanyar dillali ko a ce wance ta san wance.

Akwai tubalin doka. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar 2017, kuma gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Jihar Legas tana da hukumar HEFAMAA, Kano kuma tana da PHIMA, masu sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Sai dai waɗannan hukumomi sun fi sabawa da duba gini, asibiti ko ɗakin gwaji, alhali jinyar gida a ɗakunan mutane ake yin ta. Rajistar Hukumar CAC kuwa shaidar kasuwanci ce kawai, ba ta ce komai a kan ƙwarewa ba.

Kafin hukumomi su cike wannan giɓi, nauyin yana kan iyali. Ya kamata a tambayi kamfani wane horo ya ba ma'aikacinsa, kuma wa ya tsaya masa. Idan an ce nas ce, a nemi lasisinta na Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Ƙasa, domin farar riga ba shaida ba ce. A nemi rubutaccen tsarin jinya da takardar da ake cikewa duk lokacin da aka ba da magani. A san wanda za a kira da tsakar dare, da wanda zai maye gurbi idan mai jinya bai zo ba. A riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba, a duba bayan majinyaci da ɗuwawunsa da dugadugansa. A kuma tambayi nawa ke isa hannun ma'aikacin daga kuɗin da ake biya, domin wanda aka riƙe wa albashi wata biyu ba zai yi jinya da natsuwa ba.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ingila tana da doka da hukuma da kuɗi, amma aka samu ɓaraka lokacin da bincike ya yi ƙaranci kuma ma'aikata suka shiga tsoro. Jihohin da ke son tsara wannan sana'a tun tana ƙarama suna buƙatar abu uku tare: rajistar da ke ɗauke da sunan wanda za a tuhuma, jami'an da za su riƙa zuwa gidaje da yardar iyali, da hanyar da mai jinya zai kai ƙorafi ba tare da ya rasa abincinsa ba.