Tsohon Jirgin Yaƙi: A Tashe Shi ko a Bar wa Tsatsa?

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, Arthur Coningham yana jagorantarsu. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Tun daga 1940 kuma, jiragen Hurricane da Blenheim da ake harhaɗawa a Takoradi suka riƙa yada zango a Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Alƙahira. A 1967, da yaƙin basasa ya ɓarke, aka kawo MiG-17 da L-29. Tarihi ke nan jibge, amma yaron da ya tashi a Haɗeja ko Auyo ko Kafin Hausa ba shi da inda zai gan shi da idonsa. Samfurin da aka adana a gidan tarihin yaƙi na Umuahia a ƙasa yake girke.

A ganina ya kamata rundunar mayaƙan samanmu ta gyara L-29 ko da guda ɗaya ne, ta riƙa zagaya jihohi da shi. Ban ce MiG-17 ba, don shi cin mai gare shi da wuyar sha'ani. L-29 kuwa jirgin koyo ne mai kujera biyu, an ƙera fiye da 3,000 a Cekosulobakiya, har yanzu masu sha'awa suna tashinsa a Amurka da Turai, watau kayan gyaransa ba su ɓace ba. An kuma tsara shi ya iya sauka a filin da babu kwalta.

Sai dai kuma Bahaɗeje ya san sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dawa da ɗan barga su ne aikin. Haka jirgi yake. Rana tana busar da robobi da tayoyi, ƙurar hunturu tana cin injin, danshin damina yana sa tsatsa a inda ido ba ya kai wa. Kowane sashe yana da adadin sa'o'in da zai yi aiki a cire shi, ko da a ido lafiya lau yake, kuma dole a rubuta komai a littafin jirgin. In babu rumfa da makanikai na dindindin da kuɗin da aka keɓe kowace shekara, gara kada a fara. Sakaci a nan rai yake ci: a 2015 wani tsohon Hawker Hunter ya faɗi a Shoreham ta Ingila yayin wasa, mutum 11 suka mutu. A fadamarmu ma akwai ƙarin hattara, domin da rani tsuntsayen Turai suna cika dausayin Haɗeja da Nguru, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya kashe injin. Saboda haka filin jirgin Dutse ya fi dacewa, a kwaso ɗaliban masarautar Haɗeja zuwa can.

Mai karatu yana iya cewa, ƙasar da ambaliya ta cinye wa gonaki a 2020 da 2022, ina ruwanta da wasan jirgi? Maganar tana da nauyi, kuma ban yarda a taɓa ko kwabo na aikin jinga da yashe kogi ba. Aikin rundunar ne, daga kasafinta, kamar yadda takwararta ta Ingila take riƙe da ayarin tsofaffin jiragenta tun 1957.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa. Waɗannan jirage sun yi aman wuta a kan 'yan ƙasa ɗaya, har da fararen hula. Duk inda aka kai jirgin, a tanadi mai bayani da Hausa wanda zai faɗa wa yara yadda fiffike yake ɗaukar ƙarfe sama, ya kuma faɗa musu abin da aka aikata da shi tsakanin 1967 da 1970.