Ayarin Waya Da Madugunsa

Maganar yau a kan maƙwabta ta ke, watau Kiristocin birnin Katsina da na ƙasarta, da yadda shugabanninsu su ke tara jama'arsu ta wayar hannu. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai allo da mai awo da abin da a ke yi a majami'a? To, da ruwansu ƙwarai, zama kasuwa ɗaya a ke ci, hanya ɗaya a ke bi zuwa Jibiya da Funtuwa, kuma maganar da aka faɗa cikin wayar wani da hantsi, kafin la'asar ta iso rumfar wani. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Neman isar da wa'azi ga wanda ke nesa ba baƙon abu ba ne wurin 'yan Mishan. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Cikin shekarun 1930 ɗin nan, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Mishan ta SIM ta kama aikin jiyyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga. Cikin 1954 majami'unta suka haɗu suka zama ikilisiyar ECWA, a shekaran nan kuwa aka buɗe gidan rediyon ELWA a ƙasar Laberiya, wanda ya riƙa watso wa'azi har da Hausa. Har zuwa 1977 kuma, shirye-shiryen Muryar Bishara a Jos a ke ɗaukarsu, a watso su daga Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Amma takarda da rediyo halinsu ɗaya ne, mutum guda ke magana, saura su saurara. Wanda ya ji abin da bai gamshe shi ba, iyakarsa ya rufe akwati ya kwanta.

Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya cikin 2001, ita ta sauya wannan hali, domin ta ba kowa baki. Da annobar korona ta zo cikin 2020, hukuma ta hana taruwa a masallatai da majami'u na wani lokaci, sai fastoci da yawa suka kafa waya a gabansu, suna wa'azin Lahadi ta Facebook, mabiyansu na kallo daga gida. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna. Yanzu da wuya a sami majami'a a birni wadda ba ta da zauren WhatsApp, wata ma zauruka gare ta, na dattawa dabam, na Zumuntar Mata dabam, na samari da na mawaƙa dabam. A nan a ke aika ayar safiya, a nan a ke sanar da suna da biki da rasuwa, a nan a ke roƙon addu'a ga marar lafiya.

Fa'idar wannan a fili ta ke. Kiristocin Katsina ƙalilan ne, kuma a warwatse su ke. Akwai ma'aikata da masu kanti waɗanda suka zo daga Kudu, akwai 'yan makaranta da masu yi wa ƙasa hidima waɗanda shekara ɗaya ko huɗu za su yi su tafi, akwai kuma Hausawa 'yan ƙasa, na wajen Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa da Ƙanƙara, waɗanda kakanninsu a nan aka binne su. Fasto ɗaya ba shi iya zaga waɗannan duka da ƙafa, balle yanzu da hanyoyin daji suka zama abin tsoro. Waya ta rage masa tafiya, ta sada baƙo da 'yan'uwansa tun ranar da ya sauka a tasha.

Har wa yau, manyansu sun san nauyin abin. Ran 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga yankin bishop na Sakkwato, ya mai da ita yanki mai zaman kansa na ɗariƙar Katolika, ya naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop na farko. Shi kuwa ilmin sadarwa ya karanta har ya kai matsayin dakta, ya kuma koyar da shi a Fatakwal. A cikin shekaran nan, watan Mayu, fadar Paparoma ta fid da wata takarda a kan zama cikin dandalin sada zumunta, wadda gundarinta shi ne, wanda aka gamu da shi cikin waya maƙwabci ne, hakkin maƙwabtaka na kansa.

To, ga inda maganar ta ke. Tara mutane cikin waya abu ne mai sauƙi, yaro ma ya iya. Tun 2022 zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Amma taron mutane dabam, jama'a dabam. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, sun san ayari ba ya tashi sai da madugu. Shi ya san yawan mutanensa da dabbobinsu, shi ke zaɓen zango, shi ke shiryawa da sarakunan ƙasashen da a ke ratsawa, shi ke raba gardama, in kuwa wani ɗan ayari ya yi ɓarna a garin mutane, madugu a ke nema. Fasto ko dattijon da ya buɗe zaure cikin waya madugu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da aka faɗa a zaurensa yana wuyansa. Sharuɗɗan wannan shugabanci kuwa biyar ne.

Na fari, ya san mutanensa. Wanda ya watsa mabuɗin zaurensa ko'ina domin a ce mabiyansa sun yi yawa, ya tara lambobi ne kurum. Kamata ya yi kowane mai shiga a san sunansa da wanda ya kawo shi, kamar yadda fatoma ba ya saukar da baƙo sai ya san daga inda ya fito. Zauren mutum 60 waɗanda in ɗayansu ya kwana uku bai yi motsi ba za a je gidansa a duba, ya fi na mutum 1,000 waɗanda ba su san fuskar juna ba.

Na biyu, ya tace labari kafin ya bari ya wuce. Wannan shi ne mafi nauyi a ƙasar da 'yan bindiga suka addaba. Ɓarayin daji ba su tambayar addinin kowa. Cikin Disamba 2020 sun kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, cikin Mayu 2021 sun faɗa wa gidan limaman Katolika a Malumfashi, suka kashe ɗaya, suka tafi da ɗaya. A irin wannan hali saƙon da ya ce kada a bi hanya kaza yau yana iya ceton rai. Amma saƙon ƙarya mai kama da shi yana iya watsa kasuwa, ya sa a rufe kantuna, ya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Cikin Yuni 2018, sa'ad da rikici ya tashi a Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawawwaki ta Facebook, alhali waɗansunsu ba a can aka ɗauke su ba, wani ma ba a Nijeriya ba, suka ƙara wa wutar mai. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar, har cikin 2019 ya ƙayyade tura saƙo ga wuri biyar a lokaci guda. Amma na'ura ba ta san mai gaskiya ba. Sai madugu ya kafa doka: duk mai kawo labarin hari ya faɗi gari, da rana, da wanda ya gani da idonsa. Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan, zama ba su karɓar magana sai sun bi salsalar waɗanda suka ruwaito ta.

Na uku, ya tsare amanar kuɗi. Cikin zaurukan nan a ke tara gudummawar asibiti, da ta gini, da ta iyalin wanda aka sace. Inda kuɗi ya taru kuwa, 'yan damfara na kusa. Dabararsu sananniya ce: su kira mutum da sunan wani taron addu'a, su ce ya karanto musu lambobi shida da aka aiko masa, da ya faɗa sai su ƙwace WhatsApp ɗinsa, su shiga roƙon kuɗi da sunansa. Maganin abin shi ne asusu ɗaya da sunan majami'a, wanda mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, a kuma karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a. Attajiri ya san ciniki ba shaida shi ke raba 'yan'uwa.

Na huɗu, ya tsare harshen mutanensa game da addinin maƙwabci. Zauren gida yana da bango, wanda ke waje ba ya jin abin da a ke faɗa. Zauren waya ba shi da bango, kowace kalma ana iya ɗaukar hotonta a kai ta inda mai ita bai nufa ba. Ran 12 ga Mayu 2022 a Sakkwato, wani saƙon murya da wata ɗaliba Kirista ta sa a zauren 'yan ajinsu, wanda aka ce ya taɓa martabar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙare da kashe ta a harabar makaranta. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, gari ya rikice har aka sa dokar hana fita. Hukunci aikin alƙali ne, ba wanda ya halatta ya ɗauki doka a hannunsa ko me aka faɗa. Tare da haka, madugun da ya ga gardamar addini ta fara zafi a zaurensa, wajibinsa ne ya tsai da ita nan take, ya share abin da ya kamata a share, sa'an nan ya kira masu ita ya yi musu nasiha a keɓe. Wannan sharaɗi yadda ya hau fasto, haka ya hau malami mai zauren almajiransa, ba bambanci.

Na biyar, kada ya manta da wanda ba shi da waya. Tsohuwa a ƙauye, da manomin da bai iya karatu ba, da matar da kuɗin data ya fi ƙarfinta, duk 'yan ayari ne. Saƙon murya da Hausa ya fi dogon rubutun Turanci isa gare su, aike na baki kuwa ya fi duka. An ga gwajin wannan cikin Satumba 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Malumfashi da Funtuwa da Ƙanƙara da Jibiya, aka yi watanni ba a jin kowa. A ranakun nan zauren da ba shi da tushe a ƙasa ya zama kamar ba a taɓa yinsa ba. Wanda kuwa mutanensa suka san ƙofar gidan juna, da babur da keke aka ci gaba da zumunci.

Akwai masu cewa wannan tsanani ya yi yawa, wai jama'ar da ba ta da yawa tana bukatar wurin da za ta faɗi kukanta ba mai tsawata mata. Maganarsu tana da kama, domin wanda aka hana wa filin gina wurin ibada, ko aka sace masa ɗa, ba a ce masa ya yi shiru. Amma kukan da aka yi ta juyawa cikin zaure ba ya gyara kome, sai dai ya zama gaba. Aikin madugu ne ya karɓi ƙarar, ya tabbatar da ita, ya rubuta ta da suna da wuri da rana, ya kai ta ga mai unguwa ko hakimi, ko 'yan sanda, ko shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN, sa'an nan ya komo ya gaya wa mutanensa inda aka kwana. Ta haka zaure ya ke zama hanyar samun hakki.

Abu ɗaya ya rage, shi kuwa a hannun masu karanta wannan fili ya ke. A kowace unguwa ta birnin Katsina akwai limami ko malami mai zauren waya, akwai shugaban 'yan kasuwa mai nasa, akwai kuma fasto mai nasa, amma sau da yawa ba wanda ke da lambar wani. Da za su karɓi lambar juna tun ana zaman lafiya, ranar da jita-jita ta tashi cewa an yi kaza a majami'a ko an yi kaza a masallaci, kira ɗaya ya isa a san gaskiya, kowa ya sanar da mutanensa kafin samari su fito titi. Madugan da, in ayari biyu suka haɗu a zango, su kan gaisa su tambayi juna labarin hanya, ko da ba gari ɗaya suka nufa ba. Wannan ba ya rage wa kowa addininsa, kuma kuɗinsa bai kai na goro ɗaya ba.

Allah ya zaunar da Katsina da ƙasarta lafiya, ya kiyaye matafiya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin. Wassalamu.